Yadda Ake Koyar da Darasin Gwamnatin Jiha da Siyasarta ga Ɗaliban Kwaleji

Ɗalibin kwaleji a Arewacin Najeriya yakan shigo aji bakinsa cike da siyasa. Ya san wanda ya ɓata da ubangidansa, ya san wanda ya sauya sheƙa a makon jiya, kuma ya haddace habaicin da sojojin baka suke yi wa juna a gidajen rediyo da daddare. Amma idan aka tambaye shi sunan ɗan majalisar jiha mai wakiltar mazaɓarsa, ko nawa jiharsa ta ware wa ilimi a bana, ko wane ne ke da alhakin gyaran rufin firamaren unguwarsu, sai ya kama inda-inda. Aikin malamin wannan darasi shi ne ya karkatar da waccan sha'awa daga hirar mutane zuwa ga takardun da ake tafiyar da mulki a kansu, wato kundin tsarin mulki, da kasafin kuɗi, da hukunce-hukuncen kotu, har ɗalibi ya iya ɗora abin da aka rubuta kusa da abin da ake aikatawa ya ga tazarar da ke tsakaninsu. An tsara matakan nan don zangon karatu guda a kwalejin ilimi, ko kwalejin kimiyya da fasaha, ko shekarun farko na jami'a, kuma babu wanda yake buƙatar kayan aiki masu tsada.

Mataki na farko: a tara takardun asali kafin a buɗe zango

Tun ɗalibai suna hutu malami ya nemi takardun da gwamnati kanta take aiki da su, domin takardun lacca da ake gadonsu shekara bayan shekara suna saurin tsufa a wannan fanni. Na gaba-gaba shi ne kundin tsarin mulki na 1999, kuma ya zama bugun da ya ƙunshi gyare-gyaren da aka yi masa har zuwa 2023. Kwafin da ke ɗakunan karatu da yawa tsoho ne. Zai gaya wa ɗalibi cewa sai mutum ya kai shekara 30 kafin ya tsaya takarar majalisar jiha, alhali tun 2018 aka rage zuwa 25, zai kuma nuna masa cewa jiha ba ta da hurumi a harkar jiragen ƙasa da gidajen gyaran hali, alhali gyaran 2023 ya buɗe mata ƙofa a duka biyun, ya kuma faɗaɗa ikonta kan wutar lantarki.

Bayan kundin, a samo dokar kasafin kuɗin jihar ta wannan shekara, da rahotannin da ake fitarwa duk bayan wata uku kan yadda ake aiwatar da kasafin, waɗanda yawancin jihohi suke ɗorawa a shafukansu na intanet yanzu, da rahoton babban mai binciken kuɗi na jiha mafi kusa, da littafin ƙa'idojin zaman majalisa idan ofishin akawun majalisa zai bayar. Ba sai an buga su duka ba. A tura su a zauren WhatsApp na aji, sannan a buga shafukan kundin tsarin mulki da za a riƙa karantawa tare: sashe na 4 zuwa na 9, na 90 zuwa na 129, na 162, na 176 zuwa na 212, da jadawali na biyu da na huɗu.

Mataki na biyu: gwajin ranar farko

A zaman farko kada a fara da ma'anar tarayya. Malami ya rubuta abubuwa kamar goma a allo, irin waɗanda ɗalibi yake cin karo da su kullum: fasfo, albashin malamin firamare, takardar shaidar mallakar fili, caji ofis, rumfar kasuwa, lambar mota, asibitin jiha, kwashe shara, naɗin hakimi, hanyar Kano zuwa Zariya. Kowa ya rubuta matakin gwamnatin da yake ganin shi ke da alhakin kowane ɗaya, ya sa sunansa, a karɓa a adana. Ba a ba da maki a kan wannan. Amfaninsa shi ne ya nuna wa malami inda ruɗanin yake, kuma galibi za a tarar ɗalibai suna jingina kusan komai ga shugaban ƙasa ko ga gwamna shi kaɗai, kamar babu majalisa, babu ma'aikatu, babu ƙaramar hukuma.

Mataki na uku: tarihin jihohi, a mako ɗaya

Tarihi kada ya cinye zangon, amma dole ɗalibi ya san cewa jihar da yake alfahari da ita ba daɗaɗɗiya ba ce. Kafin 1967 Jihar Arewa guda ce, hedkwatarta Kaduna, tana da firimiya da kundin tsarin mulkinta, da majalisu biyu, ta wakilai da ta sarakuna, a zauren Lugard inda majalisar dokokin jihar Kaduna take zama a yau, sannan ƙarƙashinta akwai larduna da En'e, wato hukumomin gargajiya. Janar Yakubu Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi 12 a watan Mayun 1967, Janar Murtala Muhammad ya mai da su 19 a 1976, Janar Ibrahim Babangida ya kai su 21 a 1987 sannan 30 a 1991, Janar Sani Abacha ya cike su 36 a 1996.

Maimakon a sa ɗalibai haddar shekarun, kowa ya bi salsalar garinsu. Ɗan Funtuwa zai ga ya tashi daga lardin Katsina zuwa jihar Arewa ta Tsakiya a 1967, wadda aka sauya wa suna zuwa Kaduna a 1976, sannan ya koma jihar Katsina a 1987. Ɗan Gusau zai bi ta Arewa maso Yamma da Sakkwato kafin ya iso Zamfara a 1996, ɗan Haɗeja kuma yana jihar Kano har 1991. Daga nan sai a jefa musu tambaya: me ya sa duk jihohin nan sojoji ne suka ƙirƙire su, farar hula kuwa yankin Tsakiyar Yamma kaɗai suka taɓa ƙirƙira a 1963? A karanta sashe na 8 da babbar murya, su ji yawan amincewar da ake buƙata daga 'yan majalisu da ƙuri'ar raba-gardama, za su gano amsar da kansu.

Mataki na huɗu: iyakar ikon jiha

Jadawali na biyu ya jera abubuwan da majalisar tarayya kaɗai take yi wa doka, irin su tsaro, kuɗin ƙasa, kwastan, shige da fice, 'yan sanda, ma'adinai da mafi ƙarancin albashi, sannan ya jera waɗanda tarayya da jiha suka haɗu a kansu, kamar ilimi mai zurfi. Abin da bai shiga ko ɗaya ba ya rage wa jiha, kuma idan dokar jiha ta ci karo da halastacciyar dokar tarayya, sashe na 4 ya ce ta tarayya ce a sama. A raba ajin rukuni-rukuni, a ba kowane rukuni wata dokar jiha ta gaske, misali dokar Hisba ta Kano ta 2003 ko dokar gwajin lafiya kafin aure da jihar ta kafa a 2024, su nemo hurumin da majalisa ta dogara da shi.

Abubuwa biyu sun cancanci a tsaya a kansu sosai. Na ɗaya, ana kiran gwamna shugaban tsaro na jiharsa, amma sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar, sashe na 215 kuma ya ba kwamishinan 'yan sanda damar neman a mai da umarnin gwamna ga shugaban ƙasa kafin ya aiwatar. Ɗalibin da ya fito daga yankin da 'yan bindiga suka addaba zai fahimci muhawarar 'yan sandan jihohi, da dalilin kafa rundunonin tsaron al'umma a Katsina da Zamfara da Sakkwato, fiye da yadda kowane littafi zai bayyana masa. Na biyu, dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, shi ke ba da takardar mallaka a birane, shi ke soke ta saboda buƙatar jama'a. Ikon da ya yi rauni a kan tsaro ya yi ƙarfi ƙwarai a kan ƙasa, kuma yawancin rigimar rusau da rabon filaye daga nan take tasowa.

Kwatance kaɗan yana taimakawa a nan. Gwamnan Katsina zaɓaɓɓe ne, gwamnan Maraɗi kuwa daga Yamai ake naɗo shi, domin Nijar ba ƙasar tarayya ba ce. A Amurka, inda aka aro tsarin shugaba mai cikakken iko a 1979, kowace jiha tana da kundin tsarin mulkinta, mu kuwa kundi ɗaya ne ya tsara jihohi 36 a kan fasali guda.

Mataki na biyar: rassan gwamnati ta hanyar shari'o'in da suka faru

Zanen akwati uku a allo, zartarwa da majalisa da shari'a, ɗalibai sun gan shi tun sakandare, kuma bai koya musu komai ba. Abin da ya fi shi ne a karanta sashe, sannan a kawo abin da ya faru a kansa. A fara da majalisa: sashe na 91 ya ce kujerunta ba za su gaza 24 ba kuma ba za su wuce 40 ba, shi ya sa Kano take da 40, Katsina 34, Jigawa 30, Zamfara 24. Sashe na 100 ya ba gwamna kwana 30 ya sa hannu a ƙudurin doka ko ya ƙi, idan ya ƙi kuma kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa suka sake amincewa, ƙudurin ya zama doka ba da sa hannunsa ba. Sashe na 128 ya ba majalisa ikon bincikar ma'aikatu. A tambayi ɗalibai su bincika ko majalisar jiharsu ta taɓa amfani da ikon tsallake gwamna, kuma idan ba su samu ba, su faɗi abin da suke ganin ya hana.

Tsige gwamna shi ne darasin da ya fi haɗa rassan uku wuri guda, don haka a ba shi zama biyu. Ɗalibai su zana matakan sashe na 188 da hannunsu: takardar zargi mai sa hannun aƙalla kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa, miƙa wa gwamna kwafi cikin kwana 7, ƙuri'ar kashi biyu cikin uku kan ko a yi bincike, kwamitin mutum 7 da babban jojin jiha zai naɗa, rahoto cikin wata uku, sannan wata ƙuri'ar ta kashi biyu cikin uku. Bayan haka a kawo musu labarin Alhaji Balarabe Musa, gwamnan tsohuwar jihar Kaduna na jam'iyyar PRP, wanda majalisar da jam'iyyar NPN ta rinjaya ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa har ta tsige shi a watan Yunin 1981 a ƙarƙashin kundin 1979. Sai a ɗora masa na Rashidi Ladoja na Oyo, wanda 'yan majalisa 18 cikin 32 suka shirya tsige shi a wani otal a Ibadan, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da rushe tsigewar a Disambar 2006. Ɗalibai su yi lissafin da kansu su ga ko 18 ta kai kashi biyu cikin uku na 32. A shari'ar farko an bi lissafi amma ana jayayya kan manufa, a ta biyu ko lissafin ba a bi ba, kuma ɗalibin da ya iya rarrabe waɗannan biyun ya fara fahimtar darasin.

A ɓangaren zartarwa a nuna bambancin mai muƙamin siyasa da ma'aikacin gwamnati, wato kwamishina da babban sakatare, sakataren gwamnati da shugaban ma'aikata, a kuma karanta sashe na 308 kan rigar kariya. Dokar ta-ɓaci ta sashe na 305 tana da misalai masu saɓa wa juna da suka dace da muhawara: an dakatar da gwamnan Filato a 2004 da na Ribas a 2025, amma a 2013 an bar gwamnonin Borno da Yobe da Adamawa a kan kujerunsu. A ɓangaren shari'a kuwa ɗalibai su bi hanyar ƙara guda daga kotun majistare ko kotun shari'ar Musulunci zuwa sama, su kuma lura cewa gwamna ba ya naɗa babban joji sai da shawarar majalisar harkokin shari'a ta ƙasa da amincewar majalisar jiha. Nan ne wurin bayanin faɗaɗa shari'ar Musulunci zuwa laifuka, wadda Zamfara ta ƙaddamar a Oktoban 1999 wasu jihohin Arewa suka biyo baya.

Mataki na shida: bin sawun kuɗi

Idan lokaci ya ƙure har sai an rage wani abu, a rage ko'ina amma ban da nan. A ware mako uku, domin wanda bai san inda kuɗin jiha yake fitowa da inda yake tafiya ba, duk abin da zai faɗa kan gwamna zato ne.

A makon farko a bayyana hanyoyin shigar kuɗi. Duk wata ana zaman raba abin da ya shiga asusun tarayya, kuma bayan an cire kashi 13 cikin ɗari na kuɗin ma'adinai ga jihohin da ake haƙo su, tsarin rabon da ake aiki da shi yana ba gwamnatin tarayya kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. A tsakanin jihohin kuma ana duba daidaito, wanda ya ɗauki kashi 40, da yawan jama'a, wanda ya ɗauki kashi 30, da faɗin ƙasa da wasu ma'aunai. Da zarar ɗalibai sun ga wannan za su gane dalilin da ƙidayar jama'a da yawan ƙananan hukumomi suke tayar da jijiyar wuya, da abin da ya sa ake yawan ambaton 44 na Kano kusa da 20 na Legas. Sai kuɗin shiga na cikin gida, wanda kaso mai tsoka nasa harajin da ake cirewa ne daga albashin ma'aikata, sai kuɗin filaye da na rajistar ababen hawa, sai kuma bashi. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa tana wallafa abin da kowace jiha ta tara, ofishin kula da basussuka kuma yana wallafa abin da ake bin ta. Kowane rukuni ya ɗauki jiha ɗaya ya lissafa kashi nawa na kuɗinta take samarwa da kanta.

A mako na biyu a buɗe kasafin kansa. Littafi ne mai kauri da yake tsorata mai farawa, don haka malami ya nuna musu shafin taƙaitawa tukuna, inda aka raba kuɗin ayyukan yau da kullum, wato albashi da fansho da tafiyar da ofisoshi, daga na manyan ayyuka. Daga nan kowane ɗalibi ya nemo layi ɗaya tak da ya shafi ƙaramar hukumarsu, ginin ajujuwa ne ko gyaran asibiti ko rijiyar burtsatse, ya kwafe sunan aikin da ma'aikatar da ke da shi da adadin kuɗin.

A mako na uku a ɗauko rahoton aiwatarwa a duba nawa aka saki. A ce, don misali, an ware naira miliyan 200 don gyaran wani asibiti, rahoton ƙarshen shekara kuma ya nuna an kashe miliyan 40. Ɗalibi zai yi saurin cewa an cinye sauran, malami kuwa ya tsayar da shi ya nuna masa cewa kasafi hasashe ne, mai yiwuwa kuɗin da aka sa rai bai shigo ba, mai yiwuwa an karkatar da shi zuwa wani aiki ta ƙwarya-ƙwaryar kasafi, mai yiwuwa kuma zarginsa gaskiya ne, amma kowace amsa da irin hujjar da take buƙata. Wanda garinsu yake kusa ya je a ƙarshen mako ya ga aikin da idonsa, ya rubuta shafi biyu kan abin da aka rubuta da abin da ya tarar. A rufe da rahoton mai binciken kuɗi, a tambayi abin da kwamitin majalisa mai kula da asusun gwamnati ya yi da shi, a kuma taɓo kuɗin tsaro da gwamnoni suke kashewa ba tare da bayani dalla-dalla ba.

Mataki na bakwai: ƙananan hukumomi da masarautu

Sashe na 7 ya tabbatar da zaɓaɓɓun shugabanni a ƙananan hukumomi, amma shekaru da dama gwamnoni suna naɗa kantomomi, kuɗin kuma yana bi ta asusun haɗin gwiwa na sashe na 162. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma naɗa kwamitocin riƙo ya saɓa wa kundin. Ɗalibai su bincika abin da ya sauya a ƙaramar hukumarsu tun daga lokacin, su kuma duba sakamakon zaɓen da hukumar zaɓe ta jiha ta shirya, inda jam'iyyar gwamna takan lashe kusan komai ko wace jam'iyya ce.

Sarakuna kuwa kundin bai ba su wani aiki ba, dokar jiha ce take tsara masarautu, tun bayan da gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e. Majalisar Kano ta ƙirƙiri masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye a 2019, wata majalisar ta soke dokar a 2024. A koyar da wannan a matsayin misalin ikon majalisar jiha, kada a bari ya zama gardamar wane ne sarkin gaskiya.

Mataki na takwas: zaɓe da jam'iyyu

Sashe na 179 ya ce bai isa ɗan takarar gwamna ya fi kowa ƙuri'a ba, sai ya samu rubu'in ƙuri'un da aka kaɗa a aƙalla kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomin jihar. A Jigawa mai 27 lissafin ya faɗa daidai a kan 18. A Kano mai 44 ya ba da 29 da sulusi, kuma a nan ne za a tuna musu da shari'ar zaɓen shugaban ƙasa ta 1979 tsakanin Awolowo da Shagari kan kashi biyu cikin uku na jihohi 19, inda Kano ce jiha ta goma sha uku da aka yi jayayya a kanta.

Shari'o'i biyu na kusa sun isa su nuna nauyin kotu a siyasar jiha. A Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC gaba ɗaya a Zamfara saboda ba ta yi halastaccen zaɓen fid da gwani ba, Bello Matawalle na PDP ya zama gwamna. A Kano kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta cire wa Abba Kabir Yusuf ƙuri'a fiye da dubu 165 a 2023, Kotun Ƙoli ta mayar masa da su a Janairun 2024. Sai a kwatanta jam'iyyun yau da na jamhuriya ta biyu, lokacin da gwamnatocin PRP a Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali, kafin jam'iyyar ta dare gida biyu, santsi da taɓo. Tambayar da za a bar wa ɗalibai ita ce ko akwai manufa guda da za a iya cewa ta wata jam'iyya ce a jiharsu a yau. A kuma ba su aikin ƙirga matan da ke majalisar jiharsu, domin har yanzu ba a taɓa zaɓen mace gwamna a Najeriya ba.

Mataki na tara: ziyarar majalisa da majalisar gwaji

Tun farkon zango shugaban sashe ya rubuta wa akawun majalisar jiha takardar neman izinin kawo ɗalibai kallon zama, domin amsa takan ɗauki lokaci, majalisa kuma takan tafi hutu. A je da rukuni ƙarami, kowa da katin shaidarsa da takardar lura: mutum nawa suka halarta, ko sun kai sulusin da sashe na 96 ya gindaya, wa ya yi magana, da wane harshe, domin sashe na 97 ya yarda a yi amfani da harshen jiha tare da Ingilishi idan majalisa ta amince, kuma minti nawa aka ɗauka kan kowane ƙuduri.

Bayan dawowa sai ajin ya zama majalisa. A zaɓi kakaki da akawu da shugabannin masu rinjaye da marasa rinjaye, a raba kujeru ta hanyar ƙuri'a don kada kowa ya zauna a ɓangaren da zuciyarsa take, a rubuta ƙuduri gajere kan abin da ya shafe su, kamar tsarin biyan tallafin karatu. Ƙudurin ya bi karatu na ɗaya da na biyu, ya je kwamiti, a yi zaman jin ra'ayin jama'a, a dawo karatu na uku. Malami ya zama gwamna, ya ƙi sa hannu, ya bar su su nemi kashi biyu cikin uku.

Tsare aji daga ɓangaranci

Ɗalibai suna karanta malami tun daga hularsa, don haka ya guji duk wata alama ta jam'iyya ko ɗariƙar siyasa, ya kuma kula da abin da yake rubutawa a Facebook. A kafa ƙa'ida tun zaman farko cewa duk wanda ya yi zargi ko yabo sai ya kawo takarda, kuma mudun da aka auna gwamna mai ci da shi, da shi za a auna wanda ya gada. Idan batu ya yi zafi a jihar da ake ciki, a ɗauko makamancinsa daga wata jiha mai nisa, a fahimci ƙa'idar a can, sannan a dawo gida. Masu fita bincike su tafi da takardar gabatarwa daga sashe, su tafi bibbiyu, kada su naɗi muryar kowa ko su ɗauki hoto sai da izini, kuma kada a tura kowa yankin da hanyarsa ba ta da tsaro saboda maki.

Gwaji da jarrabawa

Makin cikin zango ya fito daga rahoton kasafi da aikin majalisar gwaji, domin su ne ba a iya kwafowa daga intanet. A jarrabawar ƙarshe a rage tambayoyin “lissafo ayyukan gwamna guda biyar”, a kawo yanayi a nemi hukunci. Misali: majalisa mai kujeru 30 ta zauna da mutum 17, ta karɓi rahoton kwamitin bincike, dukansu suka amince a tsige mataimakin gwamna, shin tsigewar ta inganta, kuma wane sashe ne hujjarka? Ko kuma: gwamna ya rushe zaɓaɓɓun shugabannin ƙananan hukumomi ya naɗa kantomomi na wata shida, me za ka shawarci wanda aka cire? A yarda su shiga da shafukan kundin da aka buga musu, tun da abin da ake aunawa shi ne iya aiki da sashen. A zaman ƙarshe kafin jarrabawa a mayar wa kowa takardarsa ta ranar farko ya gyara amsoshinsa da jan biro, yana rubuta lambar sashe ko sunan doka a gefen kowace amsa, malami kuma ya tattara rahotannin kasafi mafi inganci ya ajiye a sashe, domin 'yan aji mai zuwa su ɗauki layukan ayyukan nan su duba ko an kammala su.